SHEHUN MALAMI CLAUDE AKE DA TAMBAYAR DA YA BAR WA AFIRKA



Batun wannan lacca shi ne rayuwar ilmi da binciken wani shehun malami ɗan Nijeriya mai suna Claude Ake, wanda ya shahara a ilmin siyasa da falsafarta. Mutumin Kudu ne, daga ƙasar Ribas, kuma ba ta hanyar sarauta ko dukiya ya yi suna ba. Alli da alƙalami su ne kayan aikinsa. Ya shafe shekara talatin yana koyarwa yana rubutu, kuma kusan duk abin da ya rubuta yana kewaya tambaya guda ce, watau me ya sa ƙasashen Afirka suka karɓi mulkin kansu, aka yi ta tsara shirye-shiryen raya ƙasa, aka yi ta kashe kuɗi, amma talaka bai gani a ƙwaryar tuwonsa ba?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga mutumin da ya baro garinsu a Arewa ya zo Ikko ko Badun ko Fatakwal neman abinci. Duk wanda ya bar gona da iyali ya hau mota ya yi tafiyar kwana da wuni don ya sayar da goro, ko ya yi dako, ko ya yi gadi, ya riga ya san akwai abin da bai daidaita ba. Abin da Ake ya yi shi ne ya bi sawun matsalar har inda ta samo asali, ya kuma faɗi amsar da ya samu ba tare da shakkar kowa ba.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Claude Ake ran 18 ga watan Fabrairu, 1939, a garin Omoku, wanda yanzu yake cikin Jihar Ribas. Ya yi karatun sakandare a King's College ta Ikko, makarantar da a zamanin Turawa take ɗaukar zaƙaƙuran yara daga sassa daban-daban na ƙasar nan. Daga nan ya wuce Kwalejin Jami'a ta Badun, wadda a lokacin tana ƙarƙashin Jami'ar Landan, ya karanta ilmin tattalin arziki, ya sami digirinsa na farko cikin 1962, watau shekara biyu bayan Nijeriya ta sami mulkin kai.

Bayan haka ya tafi Amurka, ya shiga Jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok, inda ya koma ɓangaren ilmin siyasa. Ya sami digirin dakta cikin 1966, jami'ar kuma ta riƙe shi ya fara koyarwa a can. Daga bisani ya koma Jami'ar Carleton ta ƙasar Kanada. Ga matashi irinsa, wannan ba ƙaramar ɗaukaka ba ce, kuma da ya so, da ya yi zamansa a can har tsufa cikin rufin asiri.

Ya kamata a lura da irin ilmin da aka ɗora shi a kai. A waɗannan shekaru, malaman siyasa na Amurka irin su Gabriel Almond da Lucian Pye sun kafa wata mazhaba mai cewa duk ƙasashen duniya suna kan hanya ɗaya ce, Turai da Amurka suna gaba, Afirka da Asiya suna baya, kuma aikin na baya shi ne ya taka inda na gaba ya taka. Wani masanin tattalin arziki, Walt Rostow, har ya kasa wannan tafiya zango biyar a littafin da ya fitar cikin 1960. Da wannan ruwa aka yi wa Ake wanka.

LITTAFIN FARKO DA JUYAWAR RA'AYI

Littafinsa na farko, A Theory of Political Integration, ya fito cikin 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya. Abin da ya dame shi a ciki shi ne yadda sabuwar ƙasa mai ƙabilu da harsuna barkatai za ta haɗa kanta ta zama al'umma ɗaya ba tare da ta wargaje ba. A lokacin ya karkata ga ganin cewa irin wannan ƙasa tana bukatar gwamnati mai ƙarfin iko, da shugabanni masu riƙon jama'a kamar yadda uba ke riƙon 'ya'yansa, waɗanda kansu ya haɗu, jama'a kuma suna jin na su ne. Wannan ra'ayi ya dace da abin da shugabannin Afirka da yawa suke son ji a wancan zamani, lokacin da ake ta rushe jam'iyyun hamayya da sunan haɗin kai.

To, amma a farkon shekarun 1970 sai ya zo Afirka ta Gabas, ya koyar a Jami'ar Nairobi da kuma Jami'ar Darussalam ta Tanzaniya. Darussalam a lokacin matattarar masu tunani ce. Shugaba Julius Nyerere ya riga ya yi shelar Arusha cikin 1967, ta neman gurguzu irin na Afirka da dogaro da kai. Masanin tarihi Walter Rodney yana koyarwa a can, kuma cikin 1972 ya fitar da shahararren littafinsa kan yadda Turai ta tauye Afirka. A wannan dandali ana muhawara dare da rana kan jari-hujja da gurguzu da makomar manomi.

Zaman da Ake ya yi a nan ya sauya masa alƙibla. Ya ga da idonsa cewa ƙarfin ikon da aka danƙa wa shugabanni bai haifi haɗin kai ba, bai kuma cika rumbun kowa ba. Sai ya koma nazarin yadda ake samar da dukiya da yadda ake rabonta, yana ganin a nan ne asirin siyasa yake. Cikin 1978 ya fitar da Revolutionary Pressures in Africa, inda ya bayyana wata dabara ta masu mulki. Ya ce idan suka ga talakawa sun fara gunaguni, sai su ari bakin 'yan juyin juya hali su ci musu albasa, su yi ta zagin mulkin mallaka da kiran gurguzu a bainar jama'a, alhali kuwa ba su da niyyar sakin ko sisin kwabo daga abin da suka riƙe. Tsattsauran ra'ayi ne na kare kujera kawai.

KAYAN ARO BA YA RUFE KATARA

Cikin 1977 Ake ya komo gida, ya zama shehun malami kuma shugaban tsangayar ilmin zaman jama'a a sabuwar Jami'ar Fatakwal, ya riƙe wannan aiki har 1983. A nan ya tsara karatu ta yadda ɗalibin siyasa zai san tattalin arziki, ɗalibin tattalin arziki kuma ya san tarihi da zaman jama'a, domin a ganinsa raba waɗannan fannoni kamar raba jini da tsoka ne.

Shekara biyu da komowarsa, cikin 1979, maɗaba'ar Jami'ar Badun ta buga littafinsa Social Science as Imperialism, wanda ma'anar sunansa ita ce ilmin zaman jama'a shi ma wani nau'i ne na mulkin mallaka. A ciki ya juya kan mazhabar da ta raine shi, ya yi mata filla-filla. Hujjarsa ita ce malaman Yamma sun ɗauki siffar ƙasashensu sun mai da ita ma'aunin kowa, sa'an nan suka auna Afirka da shi suka ce ta gaza. Idan an ce ci gaba shi ne zama kamar Amurka, to, an yanke hukunci tun ba a shiga kotu ba. Ɗalibin da aka koya wa haka zai fito yana raina abin da jama'arsa suka sani, yana jiran magani daga waje, kuma idan ya zama babban sakatare ko mai ba gwamna shawara, da wannan ido zai dubi manomi da maƙeri.

Kada a ɗauka Ake yana cewa a jefar da ilmin Turawa a koma jahilci. Shi kansa ya sha littattafansu, kuma da kayan aikin Karl Marx, wanda Bajamushe ne, ya yi yawancin nazarinsa. Abin da ya nema shi ne masanin Afirka ya fara da tambayar da ke damun mutanensa, ya auna kowane ra'ayi da ita, wanda ya yi amfani ya ɗauka, wanda bai yi ba ya ajiye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda wannan aƙida ya ba da ƙarfinsa ga majalisar binciken ilmin zaman jama'a ta Afirka, CODESRIA, wadda aka kafa a Dakar cikin 1973, har ya shugabance ta a tsakiyar shekarun 1980.

GADON DA TURAWA SUKA BARI

Cikin 1981 ya fitar da A Political Economy of Africa, littafin da ɗaliban jami'a a Afirka suka daɗe suna karantawa. A ciki ya nuna cewa tattalin arzikin da Turawan mulki suka gina ba a haɗe yake ba, gaɓoɓinsa ba sa taimakon juna. Kowane yanki an ɗaure shi ne da kasuwar Turai kai tsaye, maimakon a ɗaure shi da maƙwabcinsa.

Duk wanda ya dubi taswirar hanyar jirgin ƙasa ta Nijeriya zai fahimci abin da yake nufi. Dogo ya isa Kano cikin 1911, ba da daɗewa ba gyaɗa da auduga da fatu suka fara gangarowa bakin teku. An kai wani reshe ƙasar Jos saboda kuza. An ja wani layi daga Fatakwal zuwa Inugu saboda gawayin kwal. Layukan duk daga tudu suke gangarawa zuwa tashar jiragen ruwa. Audugar Funtuwa ta tafi Ingila a saƙa ta, a komo da ita atamfa a sayar wa wanda ya noma ta da tsada, masaƙan gida kuwa suna ja da baya. Bayan mulkin kai, man fetur ya maye gurbin gyaɗa da koko, amma siffar ba ta sauya ba, ɗanyen kaya ne ke fita, sarrafaffe ke shigowa.

Gado na biyu, wanda Ake ya fi ba muhimmanci, shi ne ita kanta hukumar. Gwamnatin mulkin mallaka ba don ta yi wa jama'a hidima aka kafa ta ba. Da bindiga ta shigo, ta sa haraji, ta sa aikin tilas, ta ƙayyade abin da za a noma da farashin da za a saya, kuma ba wanda ya isa ya tuhume ta. Ikonta ya mamaye komai, kuma ba shi da linzami. Da Turawa suka tashi tafiya, 'yan bokon da suka gaje su ba su rushe wannan gini sun sake wani ba. Shiga suka yi suka zauna a ciki.

SIYASA TA ZAMA YAƘI

A nan ne zuciyar binciken Ake take. Waɗanda suka karɓi mulki ba su da masana'antu, ba su da bankuna, ba su da jari, domin Turawa ba su bar su sun tara ba. Hanya ɗaya da ta rage musu ta samun dukiya ita ce kujerar gwamnati, wadda ke ba da kwangila da lasisi da fili da aiki. Wanda ya hau ya sami komai, wanda ya faɗi kuwa ya rasa komai, wani lokaci har da 'yancinsa ko ransa, tunda kotu da 'yan sanda duk na wanda ke sama ne. Idan haka abin yake, ba mai yarda ya faɗi zaɓe. Sai neman mulki ya tashi daga gasa mai ƙa'ida ya koma yaƙi, kuma idan siyasa ta zama yaƙi, ba abin mamaki ba ne waɗanda sana'arsu yaƙi ce, watau soja, su zo su karɓe ta.

Cikin 1981, a jawabinsa na shugaban ƙungiyar masana ilmin siyasa ta Nijeriya, ya yi gargaɗi cewa son mulki ya bugar da 'yan siyasar ƙasar nan, kuma muddin ba a rage farashin da aka ɗora wa kujera ba, Jamhuriya ta Biyu tana cikin haɗari. Ran 31 ga watan Disamba, 1983, bayan zaɓen da aka yi ta ƙorafi a kansa, soja suka kifar da ita.

Ya tattara wannan tunani a littafinsa Democracy and Development in Africa, wanda cibiyar Brookings ta Amurka ta buga cikin 1996. Masana da yawa suna ta tambayar me ya sa shirin raya Afirka ya gaza. Ake ya ce tambayar ce ba daidai ba, domin abin da ba a fara ba ba a ce ya gaza. A ganinsa, shugabanni sun shagala da kare kujerunsu har ba su da sukunin sa ci gaba a gaba. Sun riƙe kalmar ce kawai don tana da amfani, da ita ake rufe bakin mai suka, a ce masa yanzu lokacin gina ƙasa ne ba na surutu ba. Tsara shirin kansa kuwa sai suka bar wa baƙi.

Ya kawo misali da abin da ya faru a farkon shekarun 1980. Cikin 1980 shugabannin Afirka suka taru a Ikko suka amince da wani shiri na dogaro da kai da haɗa kasuwannin nahiyar. Cikin 1981 Bankin Duniya ya fito da nasa rahoto, wanda ya ce a sakar wa kasuwa mara, a ƙara fitar da amfanin gona waje. Da bashi ya yi wa ƙasashen katutu, sai suka ajiye nasu suka ɗauki na mai ba da rance. Nijeriya ta shiga shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP cikin 1986, a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Darajar naira ta faɗi, kaya suka yi tsada, masaƙu da masana'antu suka shiga rage ma'aikata. Abin da ya fi damun Ake shi ne ba a shawarci waɗanda za su sha ɗacin maganin ba, don haka sai da ƙarfin hukuma aka ɗura musu shi.

WACE IRIN DIMOKURAƊIYYA?

Tun da siyasa ce ta toshe hanya, Ake ya ce ta siyasa za a buɗe ta, watau da dimokuraɗiyya. Amma fa ya yi kashedi mai ƙarfi. A farkon shekarun 1990, lokacin da ƙasashen Afirka suke ta komawa tsarin jam'iyyu da yawa, duniya tana tafi, shi sai ya ce a bi a hankali. Mutum yana iya jefa ƙuri'a ba tare da ya zaɓi komai ba, idan duk 'yan takarar daga gida ɗaya suka fito, kuma hukumar da za su hau tana nan da halinta na danniya. A irin wannan hali an sauya wa tuwo suna ne kawai. Nijeriya ta ba shi hujja, domin cikin 1989 gwamnatin soja ce da kanta ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP da NRC, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi, sa'an nan da aka yi zaɓen ran 12 ga watan Yuni, 1993, ta soke shi.

Dimokuraɗiyyar da ya nema tana da siffofi sanannu. Jama'a su sami ikon yanke shawara na gaskiya, ta hanyar majalisa mai ƙarfi da kuma saukar da iko zuwa ƙananan hukumomi da ƙauyuka. A zuba dukiya a lafiya da ilmin talaka, domin mai yunwa da wanda bai iya karatu ba, 'yancin da ke rubuce a takarda ba ya isa gare shi. A kula da haƙƙin al'ummomi kamar yadda ake kula da na mutum ɗaya. A kuma ba ƙungiyoyin ma'aikata da manoma da mata da matasa gurbi a inda ake shawara. Ta fuskar tattalin arziki kuwa, ya ce a fara daga ƙaramin manomi, domin nan ne yawancin jama'a suke, a ƙara masa amfanin gona da kuɗin shiga, masana'antu su tsiro daga nan. Mutane su ne masu yin ci gaban, kuma don su ake yinsa.

BATUN ƘABILANCI

Akwai wani ɓangare na bincikensa da ya shafi mazauna Sabo da Agege da Idi-Araba kai tsaye. An saba cewa ƙabilanci ne ciwon Afirka. A wata maƙala da ya buga cikin 1993, Ake ya ƙi yarda da haka. Ya ce kasancewar mutum Bahaushe ko Bayarabe ko Ogoni ba laifi ba ne, kuma ba ya haddasa faɗa da kansa. Hasali ma, inda hukuma ta yi watsi da mutane, ƙungiyar 'yan gari ɗaya ita ce ke biyan kuɗin asibiti, ta yi jana'iza, ta sama wa baƙo masauki. Wani masani, Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabon Badun ya buga littafi cikin 1969, ya nuna yadda amana tsakanin maigida da dillali da fatake ta riƙe cinikin goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu ba tare da banki ko kotu ba.

Matsalar tana farawa ne, in ji Ake, ranar da mai neman kujera ya ga ba shi da abin da zai nuna wa jama'a, sai ya ɗauki ƙabila ya mai da ita makami. Bayan rasuwarsa an ga irin wannan wuta a Shagamu da kasuwar Mile 12 cikin 1999, da Idi-Araba cikin 2002, da kasuwar Shasha ta Badun cikin 2021, an kuma ga ramuwar gayya a kan baƙi 'yan Kudu a Kano cikin 1999. A kowane ɓangare, masu ɗaukar kaya da masu tireda da 'yan tebur ne suka yi asarar rai da dukiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Adalci ne a faɗi cewa ba kowa ya yarda da Ake ba. Akwai masu cewa ya wuce gona da iri da ya ce ba a taɓa sa ci gaba a gaba ba. Suna nuna madatsar ruwa ta Kainji da aka gama cikin 1968, da jami'o'in da aka buɗe, da shirin ilmin firamare kyauta na 1976, suna cewa waɗannan ba mafarki ba ne. Wasu kuma suna kawo Koriya ta Kudu da Taiwan, waɗanda suka bunƙasa a ƙarƙashin mulkin kama-karya kafin su koma dimokuraɗiyya. Amsar da ke cikin rubutunsa ita ce Afirka ta gwada kama-karya na shekara talatin, kuma abin da ta samu shi ne bashi da yunwa da yaƙe-yaƙe, saboda haka ba ta da dalilin sake gwadawa. Suka ta uku ita ce ta fi nauyi, watau ya bayyana ciwon dalla-dalla, amma bai nuna sosai yadda waɗanda ke cin moriyar tsarin za su yarda su sake shi ba. Wannan tambaya har yau tana nan a buɗe.

ƘARSHEN TAFIYA

Cikin 1991 ya kafa cibiyar bincike mai zaman kanta a Fatakwal, wadda aka fi sani da CASS, don masana su sami inda za su yi aiki a gida a lokacin da jami'o'i suke durƙushewa, malamai suna ta ficewa waje. Ƙasar haihuwarsa tana cikin yankin da ake haƙo mai, don haka batun gurɓatar ruwa da gonaki a Neja Delta abu ne da ya sani tun daga tushe. Ya karɓi zama ɗan kwamitin binciken muhallin yankin wanda kamfanin Shell ya ɗauki nauyinsa. Amma da gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas ran 10 ga watan Nuwamba, 1995, sai Ake ya ajiye wannan muƙami don nuna rashin amincewarsa, ya kuma faɗi dalilinsa a fili, a lokacin da faɗin irin wannan magana yana iya kai mutum kurkuku.

Shekara guda bayan haka, ran 7 ga watan Nuwamba, 1996, ya hau jirgin saman kamfanin ADC daga Fatakwal zuwa Ikko. Jirgin ya faɗa cikin ruwa kusa da Ejirin, dukan mutum 144 da ke ciki suka rasu. Yana da shekara 57. Littafinsa na ƙarshe, kan ko dimokuraɗiyya za ta iya kafuwa a Afirka, CODESRIA ce ta buga shi cikin 2000. Cikin 2003 Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin ta kafa kujerar shehun malami da sunansa, wadda ake gayyatar masanan Afirka su riƙe, Jami'ar Fatakwal kuma ta sa sunansa a makarantarta ta nazarin mulki.

Jama'a, Nijeriya ta koma mulkin farar hula cikin 1999, kuma tun daga lokacin ana zaɓe duk bayan shekara huɗu. Ma'aunin da Ake ya bari yana da sauƙin riƙewa. Idan mai neman ƙuri'a ya zo zango ko kasuwa, a tambaye shi wane iko zai bar wa jama'a bayan an rantsar da shi, wa zai tuhume shi idan ya saɓa, kuma me zai sauya a makarantar unguwa da asibitinta da gonar da aka baro a gida. Idan ya kauce wa waɗannan ya shiga zancen ƙabila da yare, to, an san inda ya dosa. Maƙwabcin da ke tura baro a kasuwa ɗaya, ko wane harshe yake ji, yana da haƙƙin yin waɗannan tambayoyi, kuma amsa ɗaya ce za ta amfane su duka.

Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya, ya ba kowa sa'ar abin da ya fito nema, ya mai da matafiya gida lafiya.